Zauren Tambayoyi: An Karɓi Ɗana a Lakwal, Amma Zuciyata Ba Ta Kwanta Ba

Wasiƙu uku na ware a wannan wata, dukkansu daga nan cikin Damagaram, kuma duk a kan karatun yara masu lalurar da likitoci ke kira otizim, wadda gidajen rediyo suka fi kira galahanga. Na ɓoye sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Inna, ina gaisuwa da fatan kina lafiya da iyali. Ɗana na biyu shekararsa 7. Yana da shekara 5 muka kai shi Yamai, likita ya daɗe yana kallon yadda yake wasa, ya yi mana tambayoyi da yawa, daga ƙarshe ya ce otizim ne. Yana ji sarai, don ko ledar biskit aka taɓa a ɗaki yana tsakar gida sai ya taho, amma sai ki kira sunansa sau biyar bai waiwayo ba. Maganarsa kaɗan ce. In na ce masa "kana son ruwa?" sai shi ma ya ce "kana son ruwa?" Mako biyu ya yi a lakwal ta gwamnati aka kira babansa aka ce mu riƙe shi a gida, wai yana toshe kunne yana ihu, yana fita aji ba izini. Sai muka kai shi ta kuɗi. Bana shekararsa ta biyu ke nan a CI, wato aji ɗaya. Duk ranar da na tambayi madam sai ta ce, "Ai ba shi da matsala, yana zaune abinsa a baya." Amma Inna, kayensa, wato littafin rubutunsa, fari fat yake dawowa. Maigida ya ce in yi shiru, da hanau gara mannau, tun da su sun karɓe shi. Uwar mijina kuma ta ce asarar kuɗi kawai muke yi. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Butulci nake yi? Ta yaya uwa za ta gane lakwal tana amfanar ɗa irin nawa?

Wata uwa, Garin Malam

AMSA

Wa alaikumus salam ƴata. Ba butulci kike yi ba, ki cire wannan daga ranki tun yanzu. Maigidanki ma yana da tasa gaskiyar, don wanda aka taɓa koro masa ɗa, in ya samu inda aka buɗe masa ƙofa, tsoron tayar da magana yake yi kada a sake rufewa. Sai dai karɓar yaro daban, koya masa daban. Yaron da ya shiga shekara ta biyu a bencin baya, ba wanda ya san abin da ya iya da abin da bai iya ba, ajiyarsa aka yi, kuma kuɗin ajiya kuke biya.

Bari in ba ki labarin da ban cika bayarwa ba. Shekara 31 na yi ina riƙe da alli, mafi yawansu a CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu. A farkon aikina an kawo mini wani yaro tsaf-tsaf da shi, aljihunsa kullum cike da marafan kwalba. Da ya zauna sai ya jera su a kan tebur, ja da ja, kore da kore. In wani ya gusar masa da ɗaya sai ya fashe da kuka kamar an yanka shi. Ba ya kallon idona, amma wannan bai dame ni ba, don a wajenmu yaron da ba ya haɗa ido da babba mai kunya ake ce masa, shi ya sa ma wannan alamar take yawan wuce mu. Sauran halin nasa na ɗauke shi taurin kai. Na ƙwace marafan, na dake shi, ba sau ɗaya ba. Da na gaji na mayar da shi baya, ya yi shiru, ni ma na huta. In uwarsa ta tare ni a hanya, maganar da madam ɗinku take faɗa miki ita nake faɗa mata. Kafin ƙarshen shekara ubansa ya cire shi. Sai bayan shekaru masu yawa, da Allah Ya ba ƙanwata jika mai irin wannan hali, muka yi ta yawon asibiti da shi, sannan na gane abin da na aikata. Har yau in na tuna yaron nan sai na nemi gafarar Allah. Saboda haka ba zan zagi madam ɗinku ba, na san inda take tsaye. Mu a zamaninmu har muka gama horon malanta ba mu taɓa jin sunan wannan lalura ba.

Otizim ba hauka ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Yadda ƙwaƙwalwa ta ginu ne tun yaro yana ciki. Yana taɓa magana da cuɗanya da mutane, yana sa yaro ya nace wa abu ɗaya ya ƙi a canza masa, kuma sau da yawa ƙara ko haske ko taɓa jiki suna zuwa masa da ƙarfin da mu ba ma ji. Likitan da ya sa duniya ta san lalurar, Leo Kanner, yara 11 ya yi bayani a kansu a Amurka a 1943, kuma cikin abin da ya fi jan hankalinsa akwai yadda suke ƙin a sauya musu tsarin da suka saba. Ranar da na fara jin haka, marafan kwalbar nan ne suka faɗo mini a rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita. Kin ga ke nan ba a gidanki kaɗai take ba, sai dai wasu an ɓoye su a ƙuryar ɗaki, wasu kuma an laƙaba musu dolo ko bebe an wuce wurin.

Game da toshe kunnen da aka kore shi a kansa, ki tuno yadda ajin CI yake. Yara saba'in ko tamanin suna maimaita harafi da murya ɗaya ƙarƙashin rufin kwano, madam tana buga sanda a tebur, ga zafin Afrilu. Mu mun saba har ba ma ji. Shi kuwa kamar a zaunar da ke gindin injin niƙa ne a ce ki koyi karatu. Fitar da yake yi ba raini ba ce, gudun ciwo ne.

To, ta yaya za ki gane? Kada ki fara da takardar sakamako, ko ya zo na nawa a aji. Ki fara da safiya. In kin ɗauko rigar lakwal me yake yi? Akwai kukan rabuwa da gida, wanda yake lafawa cikin ƴan makonni, akwai kuma kukan tsoro, wanda kullum ƙaruwa yake yi, har yaro ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya riƙa cizon hannunsa, ko barci ya gagare shi daren Lahadi. Yaron da ba ya iya ba da labari da baki, jikinsa ne yake bayarwa. In kina masa wanka ki duba bayansa da cinyoyinsa. Na faɗa miki wannan ba tare da kwana-kwana ba: ranar da kika ga shatin bulala, ranar ce ta ƙarshe a wannan aji sai an zauna da dirakta. Duka bai taɓa koya wa irin waɗannan yara komai ba sai tsoron mutane, ni shaida ce.

Sannan ki je da ƙafarki. Ba ranar biyan kuɗi ba, ba ranar taron iyaye ba. Wata Talata haka kawai, lokacin da aka fito hutun safe, ki tsaya daga bakin ƙofa ki kalla. Ina yake? Yana da ko yaro ɗaya da yake zama kusa da shi? Ana ƙwace masa abincinsa? Yara sun kewaye shi suna kwaikwayon yadda yake kaɗa hannu, manya suna kallo? Ƙofar lakwal a rufe take ko a buɗe? Wannan ta ƙarshe kada ki raina ta. Yara masu otizim da yawa suna sulalewa su kama hanya ba tare da sanin haɗari ba, kuma ruwa yana jan su ƙwarai. Ke kin san yadda kabu-kabu ke gudu a garin nan, kin kuma san yadda tafkuna ke cika bayan damina. Ki ɗinka lambar wayar babansa a cikin wuyan rigarsa.

Abin da na fi ba nauyi shi ne tambayar da za ki yi wa madam. Ki daina ce mata "yaya yaron?" don amsar wannan tambaya a garinmu ɗaya ce, ko da gida yana cin wuta: lafiya lau. Ki gaishe ta sosai, ki yi mata sannu da fama, sannan ki ce, "Madam, me ya fi tayar masa da hankali a aji? In ya fara kuka me kike yi ya lafa? Wane abu ne ya iya yanzu da bai iya ba a Oktoba?" In ta ce miki, misali, ba ya son a taɓa masa kai, ko yana natsuwa in an ba shi goge allo, to ta san ɗanki, kuma da irin wannan malama ana iya gina komai. In ta yi shiru ta rasa amsa, kada ki kunyata ta. Ki ba ta amsar da kanki, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara bakwai kina karantar yaron nan dare da rana, babu mai takardar da ya kai ki saninsa.

A Amurka tun 1975 doka ta wajabta a rubuta wa kowane yaro mai lalura tsarin karatunsa na kansa, iyaye suna zaune ake rubutawa. A Faransa ma dokar 11 ga Fabrairu 2005 ta ba yaro haƙƙin a rubuta shi a lakwal mafi kusa da gidansu, kuma akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne zama kusa da irin waɗannan yara a aji. Mu ba mu da kuɗin wannan, amma ƙashin bayan abin ba kuɗi ba ne. Zama ne a yarda a kan abu biyu ko uku da ake son yaro ya iya nan da wata uku, a rubuta, a dawo a duba. Ƙaramin kaye ya isa. Ga irin abin da nake nufi: ya nemi zuwa bayi da kansa, ya zauna minti goma a kan aiki ɗaya, ya gane sunansa a rubuce cikin sunaye uku. Kayen nan ya riƙa tafiya a jakarsa, madam ta rubuta layi ɗaya in an tashi, ke ma ki rubuta in bai yi barci ba ko an yi baƙi a gida sun hargitsa shi. In rubutun zai yi nauyi, saƙon murya ta WhatsApp sau biyu a mako ya wadatar. Ki kuma roƙi a dawo da shi gaba, gefen bango, kusa da madam, kuma a yarje masa in ƙara ta yi yawa ya fita ya zauna inuwa inda ido yake kansa, ya dawo.

Maimaita maganar da yake yi kuwa, kada ki ɗauke ta maganar banza. Mataki ne, yara da yawa ta nan suke bi su kai ga magana tasu. Tun da abin da ya ji yake ɗauka, to ki ba shi jimlar da kike so ya faɗa. Ki riƙe kofin ki ce "ina son ruwa", ya maimaita, ki miƙa masa nan take. Madam ma ta yi haka. Hotuna kuma suna taimako ƙwarai, don yawancinsu abin da suka gani ya fi zauna musu a kan abin da suka ji. Akwai wata hanya da aka fara a Amurka a 1985, inda yaro yake miƙa hoton abin da yake so a ba shi. Mu da jikan ƙanwata da waya muka ɗauki hoton buta, da kofi, da kwanon fura, da ƙofar bayi, muka kai aka wanke, muka liƙa a kwali. Wasu suka ce hoto zai hana shi magana. Bai hana ba. Kukan ne ma ya ragu, don ya samu hanyar faɗin buƙatarsa. Shi babur ne abin sonsa, saboda haka a jikin lambobin kabu-kabu ya koyi ƙirga, yana zaune a zaure yana karanto su. Yanzu shekararsa 13, yana karatu yana rubutu, har yau ba ya son taron biki, kuma in ya jera kaya a shagon kawunsa ba mai iya jera su kamarsa. Ba zan yi miki alkawarin ɗanki zai bi sawunsa ba. Wasu suna kaiwa jami'a, wasu har su girma kalmominsu ba sa wuce ƴan kaɗan. Amma ban taɓa ganin wanda ba ya koyon komai ba in an samo ƙofarsa.

Na zauna da iyaye mata da dama masu irin ɗanki, a gidajen suna da layin asibiti. Waɗanda na ji suna yabon lakwal, ban taɓa jin sun yabi fenti ko mota ko yawan kuɗi ba. Cewa suke yi, "Madam ɗinsa tana kirana." Ko, "Mushe, malaminsa, ya ce in zo in nuna masa yadda nake lallashinsa." Masu kuka kuma kukansu ɗaya ne, ba a gaya musu komai, in sun yi magana a ce sun cika ƙorafi. Yanzu muna Nuwamba. Ki ba madam daga nan zuwa hutun Disamba, in ta kama ki ƙara mata zuwa Maris. In kuwa ta ƙi kaye, ta ƙi canza masa wurin zama, dirakta ma ya ce ba su da lokacin wannan, to ki fara neman wani wuri, kuma kada ki cire ta gwamnati daga lissafi. Na san malamai a aji na zana da suka fi wasu na bene haƙuri. Ki sani kuma cewa ba alfarma kuke roƙo ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa tun 2008, kuma sashe na 24 ya hana a fitar da yaro daga makarantar kowa da kowa saboda lalurarsa. In aka sake cewa ku riƙe shi a gida, maigida ya kai maganar gaban kwamitin kula da lakwal, ke kuma ki nemi ƙungiyar iyaye mata, in ta kama a je ofishin sufeton makarantu.

Uwar mijinki kuwa, kada ki yi gardama da ita. Ki ba ta kwalin hotunan, ki ce Inna ke ce za ki koya masa neman fura. Ranar da ya miƙo mata hoto da hannunsa, maganar asara za ta mutu da kanta.

TAMBAYA

Salamu alaikum Hajiya. Ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole. Ƴata shekararta 5. Tana da shekara ɗaya da rabi tana cewa baba, tana cewa ruwa, tana ɗaga mini hannu in zan fita. Kafin ta cika biyu duk ta daina. Abin ya zo ƴan watanni bayan allurar ƙyanda, shi ya sa yayana ya ce allurar ce, kada in bari a yi wa ƙaninta. Gwaggona ta ce iska ce. An yi rubutu, an yi turare, an yi ruƙiyya. Yanzu wani ya ce yana da maganin da zai buɗe mata baki a kan jika 150. Wani mushe ya ce in kai ta makarantar kurame, ni kuma na fi karkata ga ta allo kawai. Me kike gani?

Wani uba, Zango

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya saka maka da alheri da ka ɗauki alƙalami da kanka, don wannan kaya yawanci a kan uwa kaɗai ake barinsa. Ba a gane lalura ta wasiƙa, saboda haka kafin maganar kowace makaranta ka kai ta wurin likitan yara a babban asibiti, ka nemi a auna jinta. Ciwon kunne da sanƙarau suna iya ɗauke wa yaro ji bayan ya fara magana. In jin ne ya tafi, shawarar mushe tana kan hanya. In tana ji, to matsalarta daban ce da ta kurame, sai likita ya duba maganar otizim.

Abin da ka bayyana sananne ne. Wasu yara masu otizim suna fara ƴan kalmomi, sai su ɓace tsakanin wata 18 zuwa 24. Wannan kuwa lokaci ne da ake yi wa yara allurai, shi ya sa ido yake haɗa su, kamar wanda ya yi tari aka ɗauke wuta ya ce tarinsa ne. Zargin ya samo asali daga wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, wanda ya buga rahoto a wata mujallar likitoci a 1998 a kan yara 12. Da aka bincika aka tarar da maguɗi a ciki, mujallar ta janye rahoton a 2010, shi kuma aka soke masa izinin aikin likita. A 2019 masu bincike a Danmak suka fitar da sakamakon bin yara fiye da 650,000, ba su ga allurar tana ƙara otizim ba. Ƙyanda kuwa ni da kai mun san abin da take yi in ta shigo unguwa da bazara, mun ga makanta, mun ga jana'iza. Don Allah ka kai ƙaninta a yi masa. Abin da bincike ya fi nunawa, tun wanda aka yi a kan tagwaye a Ingila a 1977, shi ne gado yana da babban hannu a ciki. Kada kuma wani ya juya wannan ya ce daga dangin matarka ne, don ta kowane ɓangare yana zuwa, wani lokaci ma a kan yaron yake farawa. Ba abin da uwarta ta ci ko ta taka ba ne.

Addu'a ni ma ina yi, kuma ba zan ce ka daina ba. Amma hayaƙi a rufaffen ɗaki, ko ɗaure yarinya, ko dukanta da sunan korar iska, jikin da yake shan wahalar na ƴarka ne. Jika 150 ɗin nan ka riƙe abinka. Babu wani magani, na bature ko na gargajiya, da yake cire otizim. Abin da ake bai wa magani shi ne abin da kan zo tare da shi, musamman farfaɗiya, wadda ta fi yawa a cikinsu. In ka ga tana ƙamewa, ko idonta ya kafe na ɗan lokaci ba ta san inda take ba, ka gaya wa likita.

Makarantar allo ba laifi, ma'aunin dai shi ne wanda na ba uwar da ke sama: malamin ya san ta, ba ya dukanta, kuma yana magana da ku. Wasu daga cikin yaran nan Allah Ya ba su hadda mai ban mamaki. Jikan ƙanwata ya riƙe gajerun surori tun bai iya cewa yana jin yunwa ba. Wannan ni'ima ce, sai dai hadda ba ta maye gurbin koyon neman ruwa da faɗin inda yake ciwo, dole a yi duka biyun. Na fi so ka nemi ƙaramar islamiyya ta kusa da gida wadda mace take koyarwa, yaran ba su da yawa, sannan ka gwada jardan, wato ajin ƙananan yara, ko da awa biyu ne da safe, don ta saba zama cikin tsaranta. Ana gano lalurar a maza kusan ninki huɗu na mata, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne yarinya mai shiru ba ta damun kowa, sai a ce halinta ne. Abu na ƙarshe, kuma ka san nauyinsa: yarinyar da ba ta iya faɗin abin da aka yi mata, ba kowa ake ba rakiyarta ba. Kai, ko uwarta, ko mutum ɗaya da kuka yarda da shi ɗari bisa ɗari.

TAMBAYA

Gaisuwa mai yawa Madam. Ina riƙe da CP, yara 84, a aji na zana. Akwai yaro ɗaya mai irin wannan lalura. Shekaranjiya ubansa ya zo ransa a ɓace, wai ba na koya wa ɗansa komai. Gaskiya ban san yadda zan yi da shi ba, kuma ba ni da lokacin mutum ɗaya. In ce su cire shi?

Wani mushe, Sabon Gari

AMSA

Sannu da fama Mushe, na san nauyin 84, na ɗauki irinsa. Kada ka ce su cire shi. Uban da ya zo da faɗa ya fi wanda ba ya zuwa, don faɗan nan tsoro ne ya sa masa riga. Ka aika masa ya dawo tare da uwar yaron bayan an tashi, ka faɗa musu abin da ka faɗa mini, cewa ba ka sani ba kuma kana son su nuna maka. Ba zai rage maka girma ba. Ka tambaye su abin da yake so, da abin da yake tsoro, da yadda suke lallashinsa.

Ba a neman awa daga gare ka. Ka dawo da shi gaba. Ka zaɓi yaro mai sanyin hali ya zauna kusa da shi, ka riƙa canzawa duk wata don kada ya zame wa mutum ɗaya kaya. In za ka ba shi umarni ka kira sunansa, ka faɗi abu ɗaya a gajarce, da Hausa in faransanci ya yi masa nisa, sannan ka jira, ka ƙirga goma a zuciyarka kafin ka maimaita. Ka zana tsarin yini a gefen allo, ka riƙa gogewa in an gama kowane, kuma ka sanar da shi kafin a canza darasi. Ka ba shi aiki na kullum, raba alli ko tattara alluna, irin aikin da ba ya canzawa. In yana kaɗa hannu ko yana riƙe da wani ɗan abu a aljihu, ka bar masa, da shi yake kwantar da hankalinsa. Lokacin da sauran suke kwafe rubutu, ka tsaya a kansa minti biyar. Ka kuma yi wa ajin magana ranar da ba ya nan, ka ce musu ɗan'uwansu ne, kunnensa yana jin ƙara fiye da nasu, kuma wanda ya tsokane shi da kai ya yi.

Ranar Juma'a in za a tashi, ka gaya wa uban abu ɗaya da yaron ya yi daidai a wannan mako, ko da raba alli ne. Bayan hutun Disamba ka sake rubuto mini, ina son in ji inda kuka kwana da shi da uban.